YADDA A KE SHIRYA ƊAKUNAN GIDA SU DACE DA JUNA

An nemi in rubuta wani abu a shafin Hausa wanda zai amfani waɗanda su ke shirin fita ƙarshen shekarar nan, sai na ga ya kamata in yi magana a kan shirin gida. Dalili kuwa shi ne, nan da 'yan watanni za a rarraba ku wurare dabam dabam. Wani za a ba shi gidan malamai a cikin makaranta, wani zai kama hayar ciki da falo a cikin gari, wani kuma zai koma gidan mahaifinsa a yanka masa sashe. Da yawa daga cikinku ba za su shekara biyu ba sai sun yi aure. To, albashin farko da na biyu, kai har ma na shekara guda cur, galibi a kan kayan ɗaki ya kan ƙare. Kuɗin da aka sha wuya kafin a same shi kuwa ya cancanci a zauna a yi tunani kafin a fitar da shi.

Aikina a nan shi ne koyar da zane da aikin hannu, kuma idan an fita duba ɗalibai masu koyarwar gwaji na kan sauka a gidajen tsofaffin ɗalibanmu. Na shiga gidan da aka zuba kujeru masu tsada, amma ko wane ɗaki kamar daga wani gari aka ɗauko shi: falo shuɗi, labulensa ja mai furanni, ɗakin kwana kore shar, baranda ruwan hoda, ledar ƙasa kuwa iri uku. Ido ba ya samun wurin hutawa. Na kuma shiga gidan da babu kome sai tabarmi da kujerun katako huɗu, amma da ka sa ƙafa sai ka ji hankalinka ya kwanta. Abin da ya raba gidajen nan biyu shi ne zan yi ƙoƙarin bayyana muku.

MENE NE DACEWA?

Kun sani a aji darasin Litinin dabam ya ke da na Alhamis, amma dukansu daga tsarin aiki ɗaya a ke ciro su, shi ya sa yaro ba ya ruɗewa. To, haka ɗakunan gida su ke. Falo aikinsa dabam, ɗakin kwana aikinsa dabam, madafa ma haka. Ba wanda ya ce su zama iri ɗaya sak kamar ɗakunan asibiti. Abin da a ke so shi ne a sami waɗansu 'yan abubuwa, uku ko huɗu, waɗanda za su bi mutum tun daga ƙofar shiga har ƙuryar ɗaki. Abubuwan nan su ne launi, da abin da aka shimfiɗa a ƙasa, da irin katako, da kuma wani zane ko kayan ado da a ke maimaitawa. Hausawa sun ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. 'Ya'yan tsintsiya ba tsawonsu ɗaya ba, ba kaurinsu ɗaya ba, amma da ya ke igiya ɗaya ta kama su sai su yi shara tare. Duk abin da zan faɗa nan gaba bayanin wannan igiya ne.

ABIN DA MAGABATA SUKA SANI

Kada wani ya zaci wannan ilmi daga ƙetare ya zo mana. Ku dubi gidan ƙasa irin na da a Kano, ko Zariya, ko Katsina. Daga zaure a shiga shigifa, daga nan a fita tsakar gida, sa'an nan ɗakuna. Ƙasar da aka yi tubali da ita, ita ce ta yaɓe. Azarar giginya ce a ko wane rufi. Makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa da a ke jiƙawa, ita a ke shafa wa bango, ita kuma mata ke yayyafawa idan suna daɓe, sai bango da ƙasa su ɗauki launi mai kama da juna. Dagin da magini ya zana bisa ƙofar zaure, shi za ka sake gani a bangon turaka, da jikin tumtum, har da gaban rigar maigidan. Da ya ke kayan aikin kaɗan ne, dacewa da kanta ta ke zuwa. Mu kuwa yau kasuwa cike ta ke da fenti da tayil da yadudduka iri-iri, saboda haka abin da kakanninmu suka samu a ɓagas, mu sai mun neme shi da gangan.

Babban misali shi ne tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Idan ka tsaya a ciki za ka ga bakan gizo ne magini ya yi ta maimaitawa daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, yana sauya girmansa da zanen jikin ginshiƙan, amma siffar tana nan ɗaya. Saboda muhimmancin ginin har an yi kwaikwayonsa a Jos, a wurin da aka tattara gine-ginen gargajiya na Nijeriya kusa da gidan kayan tarihi wanda aka buɗe a 1952.

Haka kuma jeren ɗakin amarya. Tun lokacin da a ke yi da ƙore, har aka koma tasoshi da langa, ƙa'idar masu jere ɗaya ce: iri ɗaya wuri ɗaya, babba a ƙasa, ƙarami a bisa, wannan gefe ya yi daidai da wancan. Tsohuwar da ta iya jere ta san sirrin shirin gida ko da ba ta taɓa shiga aji ba.

A FARA DA TAKARDA DA FENSIR

Tun ran gini ran zane. Kafin ka sayi ko da matashin kai, nemi tef na awo ka auna ko wane ɗaki, tsawo da fāɗi, da ƙofofi da tagogi. Zana taswirar gidan duka a takarda ɗaya, santimita 2 a madadin mita 1. Sa'an nan ka yayyanka 'yan takardu daidai awon gado da kujeru da tebur, ka riƙa matsar da su bisa taswirar har ka ga inda ko wanne ya zauna. Matsar da takarda ya fi matsar da sif sauƙi. Ka bar hanyar wucewa wadda ba ta gaza santimita 90 ba, watau wajen ƙafa 3, don mai ɗauke da tire ko goyo ya wuce ba tare da ya karkace ba.

Bayan wannan, rubuta aikin ko wane ɗaki. Ina za a karɓi baƙi? Ina za a ci abinci? Ina za a yi ibada? Ina malam zai aje teburin da zai riƙa gyaran littattafan yara da shirya darasi da dare? Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, sai ka iske littattafan aji sun watsu bisa kujerun falo.

Abu na uku, buɗe ƙofofin cikin gida duka, ka tsaya a ƙofar shiga ka duba. Duk abin da idonka ya kama a tsaye ɗaya, ko bangon baranda ne, ko labulen ɗakin kwana, ko gefen kabad na madafa, to, lalle ne su dace da juna, domin baƙo tare zai gan su. Ɗakin da ya ke can ɓoye, shi ne za ka iya sakar wa mara kaɗan.

LAUNI

Launi shi ne babban maɗauri, kuma shi ya fi araha. A 1666 wani masani mutumin Ingila, Isaac Newton, ya ratsa hasken rana ta cikin wani gilashi mai kusurwa uku, ya nuna farin haske haɗuwar launuka ne irin na bakan gizo. A 1704 ya buga littafin da ya jera launukan nan a kewaye kamar faifai. Daga nan masu zane suka sami faifan launi da mu ke koya wa yara a aji. Launukan da ke maƙwabtaka a faifan, kamar rawaya da ruwan goro, ko shuɗi da kore, su kan zauna lafiya da juna. Waɗanda ke fuskantar juna kuwa, watau ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya, kishiyoyi ne. Kowa cikinsu na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, don haka idan aka zuba su daidai wa daida a ɗaki ɗaya sai su yi ta faɗa. In za a haɗa kishiyoyi, ɗaya ya yi yawa, ɗaya ya zama ɗan kaɗan.

Masu sana'ar ƙawata ɗakuna suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. A zaɓi launi uku kaɗai don gidan duka. Na farko ya ɗauki kashi 60 cikin 100 na abin da ido ke gani, shi ne na bango. Na biyu ya ɗauki kashi 30, shi ne na labule da kujeru da zanen gado. Na uku kashi 10, shi ne na matasan kujera da 'yan kayan ado. Ba wai sai an sa ma'auni ba, kimantawa ce. Na farko ya zama mai haske mai laushi, kamar ruwan madara ko toka-toka mai haske, gama launi mai haske na mayar da hasken da ya faɗa masa, sai ɗaki ya yi kamar ya fi faɗi, fitila ɗaya ma ta ishe shi. Launi mai duhu shanye haske ya ke yi.

Don kada gida ya gundure ku, sai a riƙa sauya yawan na biyu da na uku daga ɗaki zuwa ɗaki. Shuɗin da ya zama labule a falo, ya koma matashi kawai a ɗakin yara. Ruwan goron da ya ke ɗan kaɗan a falo, ya zama zanen gado a can. Launukan suna nan uku, amma ko wane ɗaki da fuskarsa.

Kada a amince da launin da ke jikin gwangwani. Shafa kaɗan a bango, faɗin faifai biyu ko uku, ka bari ya bushe, ka dube shi da safe, da la'asar, da kuma dare a hasken fitila. Ɗakin da tagarsa ke duban yamma ya kan sha rana da zafi, ja ko ruwan goro a bangonsa sai su sa ka ji kamar zafin ya ƙaru. Idan ka zaɓa, rubuta sunan fentin da lambarsa a littafinka, domin ranar da za ka ƙara.

Ga ɗan lissafi, tun da mu malamai ne. Lita ɗaya ta fentin bango ta kan rufe wajen murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, gwargwadon laushin bangon. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3, kewayensa mita 14 ne, bangonsa kuwa murabba'in mita 42. A cire wajen 4 na ƙofa da taga, saura 38. Shafi biyu ya zama 76, watau wajen lita 8. Yi wannan lissafi ga dukan ɗakuna, ka sayi fentin gaba ɗaya, gama wanda aka saya daga baya sau da yawa ya kan ɗan bambanta.

ƘASA, KATAKO DA ƘARFE

Bayan bango sai ƙasa. Ɗakunan da ke buɗewa cikin juna a shimfiɗa musu abu iri ɗaya, ko tayil, ko leda, ko kuwa a bar simintin a goge shi fes a jefa tabarmi masu saƙa iri ɗaya. Duk inda shimfiɗa ta sauya a dokin ƙofa, ido ya kan ɗauka an shiga wani gida ne, kuma ƙaramin gida sai ya ƙara ƙanƙancewa.

A nan sai a yi la'akari da inda aka tura ka. Wanda aka kai Arewa ya san ƙurar hunturu, wadda ke shiga ko an rufe taga. Kafet mai kauri daga bango zuwa bango rumbun ƙura ne, ya kan tayar wa masu asma da yara tari. Wanda aka kai Kudu kuwa, inda damina ke da tsawo, laima ce abokiyar gabarsa, kafet da kujerun yadi masu kauri su kan yi funfuna su ɗauki wari. A ko ina dai abin da a ke iya sharewa, a goge, a fitar da shi rana, shi ya fi. Darduma ko kilishi ƙarami a tsakiyar falo ya isa.

Katako ma launi ne da shi. Maɗaci ja-ja ne, iroko wanda kafintocin Kudu suka saba da shi ruwan ƙasa ne, akwai kuma fararen katakai. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. In da hali kafinta ɗaya ya yi maka gado da tebur da kanta, ko da ba a shekara ɗaya ba, ka roƙe shi ya shafa musu mai iri ɗaya, ya kuma yi musu ƙafafu iri ɗaya. Idan ka gāji wata tsohuwar kujera da ba ta shiga sahu ba, a kankare ta a shafa mata man da aka shafa wa sauran. Haka ƙananan ƙarafa, irin hannun ƙofa da sandar labule da marikin durowa: in ruwan azurfa ne, duk su zama ruwan azurfa, in baƙi ne, duk baƙi. Mutum ba ya lura da su ɗaya ɗaya, amma ya kan ji a jikinsa idan sun saɓa.

LABULE DA HASKE

Yadin labule a saye shi lokaci ɗaya daga bandir ɗaya, don in ka koma bayan wata uku da wuya ka same shi. Faɗin yadi ya yi ɗaya da rabi ko biyu na faɗin taga, don ya sami tattara. A kafa sandunan duka a tsayi ɗaya daga ƙasa, ɗan sama da kan taga, ko da tagogin ba girmansu ɗaya ba. Wanda ya tsaya a waje ma zai ga tagogin gidan sun yi sahu. Hotuna da allunan rubutu da agogo su ma suna da sahunsu. A rataye su yadda tsakiyarsu za ta yi daidai da idon mutum a tsaye, wajen santimita 150 daga ƙasa. Galibi mu kan kai su can kusa da silin, sai mai kallo ya ɗaga kai kamar mai neman wata.

Ƙwan lantarki kuma iri-iri ne, akwai lamba a jikin kwalinsa. Mai lamba 2700K haskensa rawaya-rawaya ne kamar na fitilar ƙwai, mai 6500K kuwa fari fat ne har da ɗan shuɗi. Idan aka sa wannan a falo, wancan a baranda, bango ɗaya sai ya zama launi biyu da dare. A sa iri ɗaya a duk ɗakunan da ke ganin juna. Teburin aiki da madafa ne kaɗai za a iya ƙara wa farar fitila ta musamman.

KAYAN ADO

Allah ya albarkaci ƙasar nan da masu sana'ar hannu, duk inda aka tura ka ba za ka rasa abin ƙawata gida ba. Bida ta shahara da tasoshin tagulla, Sakkwato da jar fata, Kano da rinin Ƙofar Mata. Akwai saƙar Akwete a Jihar Abiya, da ta Okene a Jihar Kogi, da ta Iseyin a Jihar Oyo, da rinin adire na Abekuta. Ga kuma tukwanen ƙasar Gwari. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yau, a 1954. Ƙadangare da kunama da kifi da kada ta yi ta maimaitawa a jikin tukwanenta, har ya zama daga nesa a ke gane aikinta. Wannan ma darasi ne: maimaita abu kaɗan shi ke ba aiki kama.

To, amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Kada ka ce sai ka tara dukan waɗannan a gida ɗaya. Zaɓi dangi ɗaya ko biyu, ka rarraba su ɗaki ɗaki. In fata ce, tumtum a falo, buzu a ɗakin kwana, jakar fata a rataye a baranda. In saƙar kaba ce, faifai uku a bangon falo, kwando a madafa, tabarma a ciki. Sa'an nan ka bar wani bango fayau babu kome. Kalandar shekarun baya, da furannin roba da suka sha ƙura, da kyaututtukan biki da ba a amfani da su, a sauke su. Kun san allon aji idan aka cika shi da rubutu ko ina, yaro ba ya gane wanne ne darasin.

KAYAN ANGO DA NA AMARYA

A nan ne shirin mutane da yawa ke rushewa. A al'adarmu ango ke gyara gida ya yi fenti, iyayen amarya kuma su kawo gado da kujeru da labule da kayan jere. Kowa ya yi nasa bai san na wani ba, sai ranar kafi a tarar bango kore, kujeru shunayya, labule ruwan zinariya, an kuma kashe dukiya ta ko wane gefe. Wani lokaci ma sif ya ƙi shiga ƙofa sai an kwance shi.

Maganin abin shawara ce tun da wuri. Wani tsohon ɗalibinmu ya gaya mini yadda ya yi. Ya ce, "Malam, ni dai kunya ba ta bar ni in tunkari surukaina da wannan magana ba. Sai na shafa fentin a ɗan katako, na rubuta awon ɗakuna da na ƙofofi a takarda, na ba yayata ta kai wa gwaggon yarinyar." Ya ce gwaggon har godiya ta aiko, don an hutar da su wasi-wasi a kasuwa. Wannan hanya ba ta taɓa mutuncin kowa ba. Ku kuma 'yan'uwana mata da ke karatu a nan, ku ne za ku zauna a ɗakunan nan fiye da kowa. Ku gaya wa iyayenku mata launin da ku ke so tun kafin a ba kafinta aiki, ku kuma roƙe su a rage yawa a ƙara nagarta.

KUƊI DA GIDAN HAYA

Ba dole ne a gama gida a wata ɗaya ba. Sannu ba ta hana zuwa. Amfanin taswira da launi ukun nan shi ne, abin da ka saya bana zai dace da wanda za ka saya baɗi. Ga yadda na ke ba da shawara a bi: fenti da gyaran ƙasa tukuna, tun ɗaki na wofi, sai gado da katifa mai kyau, sai teburin aiki da kujerarsa da kantar littattafai, sai labule, sai kujerun falo, kayan ado su zo ƙarshe. Wanda ya ci bashi ya cika falo a watan farko, ya kan shekara yana zaune bisa kushin da yunwa. Adashi ya fi bashi.

Ku tuna kuma malami ɗan canji ne, yau yana nan, gobe takarda ta zo. Saboda haka a gidan haya ko gidan makaranta kada ka zuba kuɗinka a abin da ba ya ciruwa. Nemi iznin mai gida kafin ka yi fenti, in ya ƙi, sai ka ɗauki launin bangon nasa a matsayin na farko cikin ukun, ka zaɓi sauran biyun su bi shi. Maɗaurinka ya zama abin da ke shiga mota: labule, darduma, zanen gado, matasai, kanta. Kujeru kuwa matsakaita, waɗanda za su shiga ko wace ƙofa su zauna a ko wane falo.

MISALI

A ce an ba ka ciki biyu da falo da madafa. Ka zaɓi ruwan madara, da shuɗin baba, da ruwan goro. Bango duka ruwan madara, silin fari. Ƙasa leda ruwan toka tun daga falo har ciki. Katako maɗaci. A falo labule shuɗi, kujerun katako masu katifa shuɗiya, matasai biyu ruwan goro, tumtum na jar fata, faifai uku a bango. A ɗakin kwana labulen nan dai, zanen gado fari mai ratsin shuɗi, darduma mai ɗan ruwan goro. A ɗaya ɗakin, inda teburin aiki ya ke, zanen gado ruwan goro, kantar littattafai irin katakon falo. A madafa kwanuka da robobi farare da shuɗɗa a jere bisa kanta, randa a kusurwa da faifai a bakinta. Ba wani abu mai tsada a cikin wannan, amma duk wanda ya shiga zai san mai hankali ne ya shirya.

KAMMALAWA

A taƙaice, ku auna kafin ku saya, ku tsaya a kan launi uku, shimfiɗa ɗaya, katako ɗaya, haske ɗaya, ku maimaita ado kaɗan, ku yi shawara da waɗanda za ku zauna tare. Bayan wannan sai tsabta, domin gidan da ba a sharewa babu launin da zai cece shi. Abin ya wuce jin daɗinku kaɗai. A ƙauyuka da yawa gidan malam shi ne gidan da yara ke leƙawa idan sun kawo littattafai ko an aiko su, iyaye ma nan su ke zuwa a karanta musu takarda. Abin da suka gani shi za su kwaikwaya. Idan sun ga ashe da tabarma da fenti gwangwani biyu a kan yi gida mai kyan gani ba tare da bashi ba, kun koyar da darasin da ba ya cikin manhaja. Kada kuma a manta, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Duk mai son a duba masa taswirar gidansa kafin ya tafi, ya same ni a ɗakin aikin hannu bayan tashi daga aji. Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya kai ku wuraren aikinku lafiya, ya sa gidajenku su zama wurin hutawa. Amin.